In Kunne Ya Ji: Kukan Ƙafar Mota Tsakanin Nima Da Makola



Birnin Akra, wanda kakanninmu fatake suke kira Ankara, gari ne da ba ya barin sitiyari ya huta. Daga Nima zuwa Kasuwar Makola tafiyar ba ta wuce kilomita 5 ko 6 ba, amma a cikin wannan 'yar tazara direba zai sha kwana iri-iri: akwai ta lungu wadda sai an murɗe sitiyari har ƙarshe, akwai ta shatale-tale, akwai ta babban titi da ake sha a guje, akwai kuma ta cikin kasuwa da ake sha taku-taku tsakanin teburan 'yan tumatir da ƙafafun jama'a. Kowace irin kwana tana matsa wani sashe dabam na ƙafar gaban mota, kuma sashen da ya gaji shi ne yake fara kuka. Saboda haka, ga wanda ya iya saurare, wannan hanya da muke bi kullum ta isa ta nuna masa ciwon motarsa tun kafin ya kai ta gareji.

Abin da ya sa maganar ta dace da shafin iyali shi ne, da wuya a sami gida a unguwannin Zango wanda abincinsa ko zirga-zirgarsa ba ta rataya a kan taya ba. Wani direban tasi ne, wani yaron trotro ne, wani an kai shi koyon aikin fita, wato makanike a bakin mutanen Gana. Iyayenmu mata kullum suna hanyar kasuwa, yara suna hanyar makaranta. A shekarun nan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar tana lissafa sama da mutum 2,000 da ke rasuwa a kan titi duk shekara. Gudu da ganganci ne suka fi yawa a ciki, amma lalacewar mota ma tana da nata kaso, kuma ita ce ta fi sauƙin rigakafi, domin ba safai ƙarfe yake tsinkewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ƙananan motocin da suka cika Akra, irin su Toyota Vitz da Corolla da Kia Picanto da Hyundai i10, har da tasi masu fentin ruwan ɗorawa a kafaɗunsu huɗu, duk da ƙafar gaba suke ja. Tayoyin gaba biyu su ne ke ɗauke da nauyin inji, su ne ke jan mota, su ne ke juya ta, kuma mafi yawan aikin birki a kansu yake sauka. Aiki huɗu a wuyan abu ɗaya, dole gajiya ta fara bayyana a nan.

Tun daga ƙofar gida

Binciken farko ba ya buƙatar mota ta motsa. Da sassafe, kafin unguwa ta cika da hayaniya, a tayar da inji, a kashe rediyo, a sauke gilas, sannan a juya sitiyari a hankali zuwa hagu har ƙarshe, a mayar da shi dama har ƙarshe. Duk ƙarar da ta fito a wannan hali ba daga abin da ke juyawa tare da taya take ba, tun da tayar tana tsaye. Wannan kaɗai ya rage rabin abubuwan zargi.

Idan aka ji wani kuka siriri yana tashi daga cikin inji, yana ƙaruwa yayin da sitiyari ya kusa ƙurewa, to a duba man sitiyari: ko ya ragu, ko iska ta shiga, ko famfonsa ya fara gajiya. Idan tsuwa ce mai kaifi, galibi bel ne ya saki ko ya tsufa. Sai dai a lura, da yawa daga cikin ƙananan motocin zamani sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da wannan mai ko kaɗan. Kada wani ya karɓi kuɗin man da motar ba ta da wurin zuba shi. Idan kuwa abin da aka ji shi ne “gam” guda ɗaya, ko “gam, gam” kamar ana sakin wani abu da ya maƙale, to a ɗaga bonet, mutum ɗaya ya ɗora tafin hannunsa a saman shokazoba, ɗaya yana juya sitiyari. Akwai ɗan boris a wurin wanda yake barin shokazoba da sifirin su juya tare da taya. In ya bushe, sifirin yakan riƙe ya ƙi tafiya, sannan ya fizge gaba ɗaya, kuma hannu yana jin wannan fizgar fiye da kunne.

Lungunan Nima da Maamobi

Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili a wajen gari daga hannun mutanen Ga masu ƙasar, baƙi suka riƙa sauka a wurinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da tsofaffin sojoji da 'yan ci-rani daga arewacin Gana da Nijeriya da Nijar da Mali da Burkina da Togo, ta bazu har Maamobi. Gidaje ne suka riga tituna zuwa. Shi ya sa da zarar an bar babban titin da ya ratsa unguwar, sai lunguna masu kwana kamar gwiwar hannu, inda katangar wani take hagu, teburin mai koko yana dama, kwata tana gaba.

A irin wannan kwana ce ake jin muryar da ta fi kowace suna: “ƙas-ƙas-ƙas-ƙas”, a jere, tana bin juyawar taya. In an ƙara totur ta ƙara sauri da ƙarfi, in an miƙe sitiyari ta yi shiru. Wannan kan shaf ne, abin da makanikan Yamai da Maraɗi da Lome suke kira kardan. Shaf shi ne sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa taya. Tun da tayar gaba tana juyawa hagu da dama, tana kuma hawa da sauka, dole ƙarshen sandar ya zama gaɓa mai lanƙwasa wadda ba ta fasa juyawa. A cikin gaɓar akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi guda 6, suna gudu cikin ramuka da aka sassaƙa musu. Wani injiniyan kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro wannan fasali a ƙarshen shekarun 1920, kuma ya yaɗu sosai bayan ƙaramar motar Mini ta Ingila ta fito da shi a 1959.

Gaɓar tana iya yin shekaru masu yawa muddin tana cikin giris. Abin da ke tsare giris ɗin kuwa wata baƙar roba ce mai ninki-ninki, kuma a nan ciwon yake farawa. Zafi da tsufa suna sa robar ta tsage, ko dutse ko waya ko ledar da ta naɗe a jikin shaf ta yage ta. Daga nan giris ya fita, yashi ya shiga. A daminar Akra, musamman a watannin Mayu da Yuni lokacin da kwatoci ke tumbatsa, mota takan ratsa ruwa mai laka har rabin taya, ruwan ya wanke sauran giris ɗin. Yashi da ƙarfe suka haɗu, sai su ci ramukan ƙwallayen. A miƙaƙƙiyar hanya ba a jin komai. Sai an lanƙwasa gaɓar sosai a kwana, ƙwallayen su yi doguwar tafiya cikin ramukan, su riƙa faɗawa wuraren da suka cinye, kowace faɗawa da “ƙas” ɗinta.

Tabbatar da shi abu ne mai sauƙi. A sami fili, kamar filin ƙwallon makaranta ranar da babu yara, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a yi da'ira a hankali da ɗan totur, zuwa hagu sannan zuwa dama, a sake yi da baya. Wani ya tsaya nesa kaɗan ya saurari ɓangaren da ƙarar take fitowa. Sannan a tsaya, a leƙa bayan taya. Idan aka ga baƙin giris ya fantsama a cikin wili da jikin shokazoba, magana ta ƙare. Wanda ya ga tsagewar roba tun kafin ƙara ta fara, roba da giris kawai zai saya. Wanda ya jira har “ƙas-ƙas” ta fito, kan shaf ɗin gaba ɗaya zai canza. Wanda kuma ya jira har ya tsinke, injinsa zai yi ta kuka mota ba ta motsi, watakila a tsakiyar mahaɗa.

Tsallake kwata da faɗa wa rami

Kafin a hau kwalta daga yawancin lungunanmu, sai an tsallake kwata a kan kwalbati ko faranti na siminti, sau da yawa sitiyari yana a murɗe. Idan a nan aka ji “kif” ko “gaf” mai nauyi daga ƙasa, ko ƙugi irin na tsohuwar ƙofa, to hankali ya koma kan gaɓoɓin da ke riƙe da tayar kanta. Ta farko ita ce bol joyin, wadda masu Faransanci ke kira rotil: ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwanonsa, yana haɗa ƙafa da hannun ƙarfen da ke ƙasa. Ta biyu kan tayarod, wanda ke isar da umarnin sitiyari zuwa taya. Akwai kuma bushin na roba da ƴan sandunan da ke hana mota tangaɗi. Waɗannan sukan yi “ƙwal-ƙwal” a hanya mai gargada, suna damun kunne, amma haɗarinsu kaɗan ne.

A nan akwai abin da ya kamata kowane mai iyali ya riƙe: yawan ƙara ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Kan shaf mai surutu ne, amma yakan ba da wa'adi. Bol joyin ba shi da yawan magana, amma ranar da ƙwallon ya fita daga kwanonsa, taya takan kwanta waje ko ta shige ƙarƙashin mota, gaba ya daki ƙasa, sitiyari ya zama ba shi da amfani. Duk wanda ya daɗe a Akra ya taɓa ganin tasi ko trotro a durƙushe a gefen titi, ƙafa ɗaya a karkace kamar raƙumin da ya gurɗe. In abin ya faru a lungu, asarar dukiya ce. In ya faru a guje, sai dai Allah Ya kiyaye. Motocin trotro irin su Sprinter da Urvan da Hiace da baya suke ja, saboda haka ba su da kan shaf a gaba. Ƙarar da ta fito daga gabansu a kwana ta fi karkata ga waɗannan gaɓoɓi, alhali suna ɗauke da rayuka goma sha.

Gwajinsa a gareji ake yi. A ɗaga ƙafar da jek, a tokare motar da abin tokare mai ƙarfi, domin ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jek kaɗai. A kama taya sama da ƙasa a girgiza: in ta yi wasa, bol joyin ne ko boris. A kama ta hagu da dama a girgiza: in ta yi wasa, tayarod ne. Cin taya a gefe guda, da sitiyarin da ke yawo sai an yi ta gyara shi, shaidu ne masu ƙarfafa zargi.

A kan Ring Road

Daga Nima hanya takan faɗa Ring Road, ta nufi yamma zuwa Kwame Nkrumah Circle, inda aka buɗe gadojin sama a 2016. Nan ne kawai a tafiyar mota take samun sararin gudu, in an yi sammako. A nan wata murya dabam take fitowa, gurnani mai zurfi kamar na jirgin sama daga nesa, yana farawa a wajen gudun kilomita 40 zuwa 60, yana ƙaruwa da ƙaruwar gudu. Ba ruwansa da giya, ba ruwansa da totur. Ko an ɗaga ƙafa daga totur yana nan. Wannan boris ɗin taya ne, wato rulma.

Kwana ce take tona asirin ɓangaren da ya lalace. Idan mota ta karkata hagu, nauyinta yakan koma kan tayoyin dama. Idan ta karkata dama, ya koma kan na hagu. Boris mai ciwo yakan ƙara gurnani in an ɗora masa nauyi, ya sassauta in an sauke masa. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama kamar maƙwabtanta, saboda haka a kowane shatale-tale hagu mota take zagayawa, nauyi yana kan dama. In gurnani ya tashi a nan, galibi boris ɗin dama ne. In ya tashi a doguwar kwanar gada mai karkata dama, a zargi na hagu. Mun ce galibi, domin hukuncin ƙarshe sai an ɗaga ƙafar, an juya tayar da hannu, an dafa sifirin an ji ko akwai kaushi. Tayar da ta ci ba daidai ba ita ma tana gurnani, sai dai nata ba ya canzawa sosai da kwana, kuma in an sauya ta da ta baya ƙarar takan bi ta.

Makola, inda kunne ba ya aiki

Daga Circle sai a gangara kudu zuwa tsakiyar gari, inda titin Kwame Nkrumah da na Kojo Thompson suke kai mutum bakin kasuwa. An gina Makola a 1924, ta zama cibiyar cinikin birnin, kuma mata ne ke riƙe da ita. Musulmi ba baƙi ba ne a wannan yanki: tsohon Zangon Akra a nan kusa yake, sunayen Zongo Lane da Tudu suna nan suna shaida. Ranar 18 ga Agusta 1979 gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta rushe tsohuwar kasuwar bisa zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya da tsauwala farashi, abin da ake kira kalabule. Babban masallacin da ke wurin shi ma bai tsira daga rusau na wancan zamani ba. Filin da ya rage shi ne Rawlings Park, wanda ya zama wurin ajiye motoci. Kasuwar kuwa ba ta mutu ba, ta bazu ne cikin gine-gine da titunan da ke kewaye, har ya zama da wuya a ce ga inda ta fara, ga inda ta ƙare.

A Makola mota tana shan kwanar da ta fi kowace tsanani, amma ba mai jin kukanta. Oda tana tashi ta ko'ina, lasifikar masu talla tana amo, masu atamfa da masu kifi suna kiran ciniki da Ga da Twi da Hausa, ga 'yan dako mata da ake kira kayayei, sunan da rabinsa “kaya” ne na Hausa, suna ratsawa da manyan kwanoni a ka. A nan sai hannu da ƙafa su karɓi aikin kunne. Bugun da ke zuwa ta sitiyari yana nuna tayarod ko abin da ke kusa da shi. Bugun da ake ji ta ƙasan ƙafa ya fi nuna bol joyin ko bushin. Ɗan rawar da mota ke yi yayin tashi daga tsaye da totur yakan fito daga gaɓar shaf ta ciki, wadda ke kusa da giya.

Makola kuma ita ce wurin lodi. Hajiya ta sayi shinkafa buhu biyu, da jarkar mai, da kwalayen tumatirin gwangwani, da dilar atamfa, direba ya cika but har ya ɗaure murfin da igiya, ya zuba saura a kujera. Mota ta zauna, tazarar da ke tsakanin taya da jiki ta ragu. Sai a kwanar fita a ji “shuu-shuu” wanda ba a ji ba da safe. Sau da yawa wannan taya ce take gogar robar da ke lulluɓe da ramin taya, musamman in an sa tayar da ta fi ƙa'idar motar girma, ko maɓallan robar sun zube. Haka nan siririn farantin da ke bayan birki yakan lanƙwashe in ya daki dutse, ya riƙa tsuwa a kwana. Ɗan tsakuwa ma yakan maƙale a wurin. Waɗannan gyaran minti kaɗan ne. Akwai kuma abu guda da ya fi kowane arha, ya kuma fi kowane haɗari: notunan taya da ba a ɗaure su da kyau ba bayan an yi faci. Kafin a zargi komai, a sa sifana a kan kowane noti.

Abossey Okai

Wanda ya gane ciwon, tafiyarsa ta gaba yamma ce, ya tsallake kogin Odaw ta Graphic Road zuwa mahaɗar Obetsebi Lamptey, ya shiga Abossey Okai. Abin da Makola take ga tufafi da abinci, shi Abossey Okai yake ga kayan mota. Layi bayan layi shaguna ne, an rataye shaf kamar rake, an jera shokazoba, an tara ƙofofi da fitilu da injuna har rufi. Nan ma gida ne, domin Sabon Zango, wanda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, yana maƙwabtaka da wurin, kuma masallacin Abossey Okai shi ya gaji matsayin babban masallacin birni bayan rushe na Makola.

Kaya iri biyu ne a kasuwar: sabo, da wanda aka cire daga motocin da suka yi aiki a Turai ko Amurka ko Japan ko Koriya, ya shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Sabo ma hawa-hawa ne, akwai na asali, akwai kwaikwayo mai kyan kwali. Ga shaf, tsohon na asali mai lafiya yakan fi sabon kwaikwayo daɗewa, muddin robarsa ba ta tsage ba, kuma in an murɗa shi da hannu ba ya wasa. Amma bol joyin da kan tayarod da boris, shawararmu a sayi sababbi masu kyau, domin ido ba ya ganin abin da ya rage na rayuwarsu, kuma su ne ke riƙe da taya.

Kada a tafi hannu sake. A ɗauki tsohon da aka cire, a gwada tsawo da tsawo, a ƙirga haƙoran da ke bakin shaf, a duba ko motar tana da zoben na'urar birkin ABS. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa ta Turai suna iya bambanta a nan. A yi magana a fili kan mayarwa in bai dace ba, a karɓi rasit. Masu jan baƙo a bakin layi suna da amfani ga wanda bai san wuri ba, amma ladansu a cikin farashi yake shiga.

Abin da za a gaya wa fita

Gareji yana ko'ina, daga bakin titin Maamobi zuwa Kokompe, babbar unguwar masu gyara da ke Darkuman. A cikin fitocinmu akwai gwanaye da suka kai a sara musu, waɗanda suka koyi aikin shekara da shekaru a ƙarƙashin maigida. Amma ko gwani yana buƙatar bayani. Wanda ya zo ya ce, “Masta, gabanta na ƙara,” ya buɗe ƙofar canje-canje: yau shokazoba, gobe bushin, jibi shaf, kuɗi na tafiya ƙarar tana nan. Wanda ya ce, “Masta, in na murɗe hagu har ƙarshe ina tafiya a hankali da totur, tana ƙas-ƙas a jere daga dama, in na miƙe ta daina,” ya riga ya yi rabin aikin.

Tambayoyi biyar ne mai mota zai amsa wa kansa kafin ya je. Tana yi a tsaye ko sai ana tafiya? A hankali ko a guje? Kwanar hagu ko ta dama? Da totur ko ba totur? A hanya mai santsi ko sai an faɗa rami? Sannan ya roƙi fita su zagaya tare ya ji da kunnensa, ya kuma nuna masa wasan da ƙarfen yake yi kafin a kwance komai. Bayan gyara, a tabbata an sa baƙin giris ɗin da aka yi domin shaf, an ɗaure babban notin tsakiyar taya yadda ya kamata an kulle shi, kuma in an taɓa tayarod an je an yi saitin ƙafa, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye cikin 'yan watanni.

Mun san abin da ke sa a jinkirta. Direbobi da yawa suna kan tsarin biyan mai mota duk mako har motar ta zama tasu, kuma yinin da aka yi a gareji yini ne da ba a samu ba, alhali ga kuɗin makaranta, ga cefane. Takardar lafiyar mota da hukumar DVLA ke bayarwa tana shaidar ranar da aka duba ne kawai, ramukan damina kuwa ba sa jiran ranar sabuntawa. Don haka nauyin yana komawa kan mu duka. Mai mota ya yarda a cire kuɗin gyara daga cinikin mako ba tare da ya ɗora wa direba laifi ba. Direba ya tuna cewa wanda ya shiga motarsa amanar ransa ya ba shi. Fasinja ma, ko uwa ce ko ɗalibi, in ya ji “kif” a ƙarƙashin ƙafarsa yana da haƙƙin ya ce, “Direba, a duba ƙafar nan,” cikin ladabi. Tsuwar bel da gogar roba suna iya jiran ƙarshen mako. Kan shaf da boris kada su wuce 'yan kwanaki. Amma taya mai wasa, ko sakakken noti, ko bugun da ke zuwa ta sitiyari, wannan mota ba ta ɗaukar kowa sai an gyara ta.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a sana'ar direbobinmu da fitocinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.